Hadarin Abzin na yin sallama, mai isar da ita Adar ne babu

A watan Afrilu na 2024, masana yanayi na ƙasashen Sahel suka taru, kamar yadda suka saba kowace shekara tun 1998, suka sanar wa gwamnatoci cewa daminar da ke tafe za ta zo da ruwa fiye da kima. Maganarsu kuwa ta tabbata. Ƙididdigar hukuma ta nuna mutum 396 sun rasa rayukansu a Nijar, wasu a cikin ruwa, wasu a ƙarƙashin gini, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi sun tafka asara. Tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon watan Satumba. An ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa sun zama masaukin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. A jihar Tawa, cikin watan Agusta, ruwan ƙorama ya yi awon gaba da motoci biyu na masu zuwa cin kasuwa, mutum fiye da hamsin suka halaka a lokaci guda.

Ke nan hasashe ya yi daidai, amma mutane sun mutu. Duk wanda ke riƙe da wani yanki na mulkin ƙasar nan ya kamata wannan magana ta hana shi barci. Dalilinta kuwa a fili yake. Sanarwar watan Afrilu tana amfanar mai sayen iri da mai tsara kasafi, amma ba ta gaya wa direban kamyo da ya yi lodin albasa a Galmi ko ya kama hanya bayan isha'i ko ya kwana. Ba ta gaya wa ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa cikin rudu, yana jiran albasa ta yi tsada, cewa iskar daren yau za ta kware rufin ciyawa. Ba ta gaya wa mai kula da madatsar Mozage yawan ruwan da zai sauko masa kafin asuba. Abin da waɗannan mutane ke bukata shi ne labarin sa'o'i shida ko goma masu zuwa, kuma a wannan fage ne ƙasar take baya ƙwarai, alhali kuwa tsarin halittar hadarin Sahel ya ba ta wata dama da ƙasashe da yawa ba su samu ba.

Kowane manomi na Adar ya san hadari daga gabas yake tasowa. Abin da binciken kimiyya ya ƙara a kan wannan sani shi ne inda ake haihuwarsa da tsawon tafiyar da yake yi. Ma'aunan da aka dasa a kewayen Yamai tun 1990, da hotunan tauraron ɗan'adam, sun nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke sauka a Sahel yana zuwa ne daga wasu ƴan manyan hadura masu tafiya a jere, waɗanda tsawon gabansu kan kai ɗaruruwan kilomita. A 1993 wasu masana biyu ƴan Ingila, David Rowell da James Milford, suka wallafa nazarin da suka yi wa haduran watan Agusta na 1985, suka nuna cewa mafi yawansu da rana tsaka zuwa la'asar suke tsirowa, kuma gefen duwatsun Abzin yana cikin wuraren da suka fi haihuwarsu. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun ambaci tudun Jos, da duwatsun Darfur, da tsaunukan Kamaru da Habasha. Hadarin Sahel ɗan dutse ne.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Da damina, iska mai danshi kan taso daga teku, ta kudu maso yamma, ta bi ƙasa-ƙasa har ta kai gindin Abzin. Rana ta gasa duwatsu tun hantsi, iskar da ke kansu ta yi zafi ta tashi sama, ta janyo mai danshin ta hau gangare da ita. Da la'asar sai gajimare ya yi toroƙo, ya miƙe har ya wuce kilomita goma sha biyar. Ruwan farko da ya zubo kan ratsa busasshiyar iskar tsakiya, wani ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu gaba da gudu. Ita ce jar guguwar nan da ke turnuƙe kasuwa kafin ɗigon farko. Wannan iska mai sanyi kan shiga ƙarƙashin mai danshin da ke gabanta ta ɗaga ta, sabon gajimare ya tashi, hadarin ya riƙa haifar kansa yana tafiya. A can sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke kora shi yamma, da gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a sa'a.

A nan damar take. Daga dutsen Bagzam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, zuwa Birnin Ƙonni, tazarar ta kusa kilomita 600. Hadarin da ya tsiro can da la'asar, in ya rayu ya nufo kudu maso yamma, sai dare ya raba ko asuba ta gabato kafin ya iso ƙasar Adar. Na'urar rada da jami'ar MIT ta Amurka ta girka a Yamai a daminar 2006 da ta 2007, ƙarƙashin shirin AMMA, ta tabbatar da irin wannan: manyan haduran da ke dukan babban birnin da sassafe, tun jiya da yamma aka haife su, ɗaruruwan kilomita daga gabas. Girgizar ƙasa ba ta sallama. Hadarin Sahel kuwa kan yini a hanya, ana kallonsa daga sama. Mutanen Agadas kaɗai ne ba su da wannan rata, domin su a bakin ƙofar suke: a farkon Satumba na 2009 ruwan da ya zuba kan duwatsu ya cika ƙoramar Telwa, ya fasa kariya, ya shiga gari cikin dare.

Adar ma tana da nata duwatsun. Ba su kai rabin tsawon Bagzam ba, amma su ne ke juya ruwan sama ya zama ambaliya. Tudun fako ne mai tsakuwa, wanda kwaruruka suka tsattsage: na Keita, na Badagishiri, na Maggiya. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye itace da ciyawa, fuskar ƙasa ta daskare kamar daɓe, ruwa ya daina nutsewa. Masana ruwa sun daɗe da lura da wani abin mamaki a Sahel, wato ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, abin da ke kwarara cikin ƙoramu ƙaruwa ya yi. Shi ya sa mutum zai tsaya a Dogarawa ko Tsarnawa, taurari na haske a kansa, ƙorama ta zo masa a cike da ruwan da ya sauka can wajen Buza. Direban da ya dubi sama ya ga garau, ya tura mota inda hanya ta ratsa ƙorama babu gada, bai yi ganganci ba a iya saninsa. Labarin ne bai iso shi ba.

Ba a zauna hannu rungume ba, gaskiya. Tun 1975 aka fara dasa jerin dogon yaro a kwarin Maggiya don tare iska. Aikin Keita ya fara a 1984. Manoman Illela sun ɗauko dabarar tassa daga Yatanga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka raya fakon da aka yanke wa ƙauna a kewayen Badagishiri. Madatsun Mozage da Zango, da matattarar Cerasa, su ke shayar da fadamar Ƙonni mai fiye da hekta 2,400, wadda aka sake gyarawa da wani kaso na tallafin dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016. Sai dai yashi na cike madatsun, kuma yawancin gadoji da magudanai na yankin an auna su ne da lissafin ruwan wani zamani da ya wuce. A 2017 mujallar Nature ta buga binciken Christopher Taylor da abokan aikinsa, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Sun danganta abin da ƙarin zafin Sahara, wanda ke ƙarfafa iskar da ke tsara hadari. Injiniyan da zai gina gada a kan hanyar Tsarnawa zuwa Tawa da alƙaluman 1970, kuɗin talakawa zai zuba a ƙorama.

Mai karatu zai ce, to ai ga hasashe nan a cikin salula, kowa na iya dubawa. Wannan hasashe daga manyan kwamfutocin Turai da Amurka yake fitowa, kuma a sararin Sahel idonsu bai cika gani ba. Sukan yanka duniya gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara ko fiye, alhali gajimaren da ke zama uwar hadari ya fi haka ƙanƙanta lokacin da yake tsirowa. Saboda haka kintace suke yi, kuma kintacen kan zubar da yayyafi ko'ina da azahar maimakon ruwa mai ƙarfi wuri guda da dare. A 2018 wani ɗalibin digirin dokta a Karlsruhe ta Jamus, Peter Vogel, tare da malamansa, ya gwada hasashen manyan cibiyoyin duniya da ruwan da aka auna a arewacin Afirka mai zafi, ya tarar da ƙyar suke fin wanda ya buɗe tsohon littafin ma'auni ya ce yau ma kamar bara. Inda aka sami ci gaba shi ne wurare biyu. Na farko, lissafi mai ƙananan gidaje, kamar wanda ma'aikatar yanayi ta Ingila ta gwada wa Afirka duka da gidan kilomita huɗu da rabi, wanda ya fi kama lokacin hadari da ƙarfinsa. Na biyu, bin sawun hadarin da ya riga ya tashi: tauraron Meteosat na aiko hoto kowane minti 15 tun 2004, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuma kowane minti 10, har da na'urar ƙirga walƙiya. Shirin African SWIFT, daga 2017, ya horar da masu hasashe na Najeriya, Gana, Senegal da Kenya kan wannan dabara, tare da cibiyar ACMAD.

Abin da ya fi ciwo a wannan labari shi ne yawancin ilimin a ƙasar Nijar aka haƙo shi. A Yamai aka kafa makarantar EAMAC mai horar da ma'aikatan yanayi da na jiragen sama, a Yamai aka kafa AGRHYMET a 1974, a Yamai ACMAD ta fara aiki a 1992, shekarar da masana na ƙasashe da dama suka yi dafifi don gwajin HAPEX-Sahel. Ma'aunan ruwa kusan ɗari aka dasa a kewayen birnin a farkon shekarun 1990. Da waɗannan alƙaluma aka rubuta kundayen dokta a Grenoble da Tuluz da Faris, kuma akwai ƴan Nijar a cikin marubutan, waɗanda suka cancanci yabo. Amma tambayoyin, mai biyan kuɗi ne ya zaɓe su, kuma mai biyan kuɗi bai taɓa ajiye albasa a rudu ba. An san sararin Yamai ciki da bai. Adar, wadda ke ciyar da kasuwannin Abijan da Akara da albasa, take kuma ba ƙasa siminti daga Malbaza, tana dogara da tashar meteyo ta Ƙonni, da ta Tawa, da ma'aunan da ke warwatse a harabar ofisoshin noma.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, dangantaka da da yawa daga cikin masu ba da wancan tallafi ta yi tsami, wasu shirye-shirye suka tsaya. Kalmar da ta fi yawo a bakin mahukunta ita ce ƴancin kai. To, madalla. Ƙasar da ta ce za ta riƙe ma'adinanta da hannunta, ya kamata ta riƙe sanin sararin samaniyarta ma, kuma wannan ba ya samuwa da jawabi. Da ɗalibai ake samunsa: matashi ko matashiya da suka gama digiri na biyu a lissafi ko kimiyyar iska ko ta ruwa, aka ba su shekara uku ko huɗu, da bursu mai zuwa kan lokaci, da kwamfuta, da malami mai duba aiki, da tambaya guda da za su bi har ƙarshe.

Tambayoyin kuwa ga su nan zube a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, suna jiran mai ɗauka. Cikin haduran da ke dukan kwarin Maggiya, nawa ne ƴan Abzin, nawa ne suka taso daga Damargu, nawa ne kuma tudun Adar da kansa ya haifa da la'asar, waɗanda ba su ba da ratar ko sa'a biyu? Hotunan Meteosat na shekara ashirin suna ajiye, ɗalibi ɗaya mai haƙuri zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Milimita nawa ne, cikin minti nawa, a kan wane tudu, ke cika ƙoramar da ta yanke hanya, kuma sa'a nawa ruwan ke ɗauka daga Buza zuwa Mozage? Akwai ma wata tambaya mai daɗi. Taylor ya nuna a 2011 cewa inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi iyaka da busasshiya, hadari ya fi saurin tsirowa. Adar cike take da irin wannan iyaka, fadama kore a gindin fako mai ƙuna. Wanda ya auna tasirin wannan a tsakanin Badagishiri da Tajaye zai rubuta abin da za a karanta a jami'o'in duniya, kuma zai amfani mai gonar da ya ba shi wurin kafa ma'auni. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2014, ita ce ta fi kusa da filin; Jami'ar Abdu Mumuni da AGRHYMET suna da malamai. Haɗa su bai bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma mai shugaba da motoci.

Za a ce baitulmali ya yi ƙasa, tsaro ya cinye kasafi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke raina jinin sojan da ke zuba. Amma kuɗin babbar mota guda ta ofis zai riƙe ɗalibai da dama har su kare kundinsu, ya kuma sayi ma'aunai masu aiko da labari ta layin salula. A kowace shekara ana samun kuɗin shinkafa da barguna da tabarmi bayan ruwa ya yi ɓarna, ana kuma kiran ƴan jarida su ɗauki hoton rabo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko dala: alƙaluman ruwan da ma'aikatan gwamnati suka rubuta da hannu shekara da shekaru, a Ƙonni da Illela da sauran garuruwa, dukiyar jama'a ce. Ɗalibin jami'ar ƙasa bai kamata ya yi ta zarya da takardar roƙo, ko a yanka masa farashi kamar ɗan kwangila, kafin ya gan su ba. Ma'aikatan da ke karanta wannan shafi sun san ɗakunan da irin waɗannan littattafai suke, sun kuma san abin da gara ke yi musu.

Wasu, cikin kyakkyawar niyya, kan ce sanin gaibu sai Allah. Haka ne, babu ja. Amma makiyayin da ya hango gabas ta yi baƙi ya kora garkensa gida, ba wanda ya taɓa kiransa boka. Tauraron ɗan'adam tsayi kawai ya fi shi, yana hango daga Ingal abin da makiyayin zai gani bayan sa'a takwas. Malaman Ƙonni da na Illela, in aka zauna da su aka nuna musu hoton, su ne za su fi kowa iya bayyana wa jama'a wannan bambanci. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gargaɗin da bai tabbata ba. Hadari kan mutu a hanya, kan kauce, kan rabu biyu. In aka hana ƴan kasuwar Laraba ta Ƙonni fita sau uku ba a ga ko ɗigo ba, ran na huɗu ba mai saurare. Maganin wannan shi ne ainihin aikin mai bincike: ya ƙirga sau nawa aka faɗa ya tabbata, sau nawa aka kuskure, a buga lissafin kowa ya gani, a kuma koyi faɗin magana da gwargwadonta, a bambanta "ana kyautata zato" da "ga shi nan tafe".

Saura isar da saƙo, wanda nan ne ayyuka da yawa ke mutuwa. Takardar gargaɗi da aka rubuta da Faransanci, ta bi daga minista zuwa gwamna, daga gwamna zuwa shugaban gunduma, ta iso ofishin gari bayan kwana biyu, tarihi ce. Gargaɗin sa'a shida dole ya tafi kai tsaye, da Hausa da Tamashek da Fulatanci, zuwa gidajen rediyon karkara, da shugabannin tasha, da ƙungiyoyin manoman fadama, da jandarman da ke bakin hanya, wanda ya kamata a ba shi ikon tsayar da mota a gaban ƙorama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta wa'adin ƙarshen 2027 don kowane ɗan'adam ya sami irin wannan gargaɗi. A kan kogin Sirba, a yammacin ƙasar, an riga an gwada tsarin faɗakarwa kan ambaliya tare da ma'aikatar meteyo ta ƙasa. Maggiya ba ta fi Sirba wuya ba. Kuma tun da ruwanta a tafkin Kalmalo na jihar Sakkwato yake ƙarewa, yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwayen da Nijar da Najeriya suka yi tarayya a kai ta riga ta buɗe ƙofar musayar labari, ko da siyasa ta yi zafi.

Attajiran yankin ma suna da abin yi, ba sai sun jira Yamai ba. Masu fataucin albasa na Galmi da Tsarnawa, da masu motocin sufuri, da masana'antar siminti ta Malbaza, su ne farkon masu asara in hanya ta yanke, su ne kuma farkon masu riba in an san daren da za ta yanke. Da za su haɗa hannu su ɗauki nauyin ɗalibai biyu ko uku, da sharaɗin binciken ya tsaya kan Maggiya da kwarin Badagishiri, sakamakon kuma a karanta shi da Hausa a gaban waɗanda suka biya, da sun kafa abin da gwamnati za ta ji kunyar ƙin bi. Ma'aunan kuwa sai an dasa su kafin ruwan farko na watan Yuni. In aka wuce nan, an yi asarar alƙaluman damina guda, kuma ɗalibin dokta damina uku kacal gare shi.